Kawu Garba da Jinyar Dattijuwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin zauren Kawu Garba a Ƙofar Dumi da safe ya san ba a fara gaishe shi. Sai ka tsaya ya yaye tsohon zanen atamfar da yake lulluɓe kwamfutarsa da shi, ya ninke shi tsaf, ya ɗan rusuna ya ce mata, "Dattijuwa, an tashi lafiya?" Sannan ya danna maɓalli, ya juyo ya amsa taka gaisuwar. Idan ka yi gaggawa ka riga ta, sai ya dube ka ta saman tabarau ya tambaye ka ko a gidanku ba a koya maka bin layi ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, Inna, Allah ya jiƙan su duka. Aikin buga takardu ya yi a ma'aikata tun zamanin tafireta, da ya yi ritaya ya sayi wannan kwamfutar ta hannu yana buga wa 'yan unguwa katin biki da na suna. Kun dai san halinsa, ba ya yar da abu. Haruffan allon bugawar duk sun goge, ya ce shi ya san inda kowanne yake, wanda bai sani ba kuma me ya kai hannunsa. Idan ƙura ta taru a cikinta, da famfon keke yake hure ta, ni kuwa in na je gaisuwa ni ce mai riƙe bakin tiyo.

Ga ta da nawar tashi. Maigidana, wanda tsokanar Kawu ta zame masa kamar shan shayin safe, ya taɓa cewa kafin Dattijuwa ta tashi an jiƙa wake an dafa an ci. Kawu bai ko ɗago ba ya ce, "Surukina, babba ba ya tashi da garaje. Wanda ka ga ya tashi firgigit, ɓarawo ne."

Amma akwai abin da ya sa ni ban taɓa shiga wannan tsokanar ba. Lokacin da Inna ta kwanta ciwon ajali, Kawu ya ɗauki Dattijuwa a ka, da wayoyinta da komai, ya kai ɗakinta ya naɗi muryarta tana yi wa kowannenmu addu'a da sunansa. Bayan rasuwarta ya sha ce mini in zo in saurara. Ni kuma zuciyata ba ta iya ɗauka ba, kullum sai in ce masa ba yanzu ba. Ya ce to, tana nan, Dattijuwa ba ta cin amana. Babu inda muryar nan take a duniya sai cikin wannan akwatin ƙarfen.

To, tsokanar maigidana ce ta ci Kawu a rai, ko da yake har ya koma ga Allah bai yarda da haka ba. Wata rana ya taka da ƙafa har Wunti, don ba ya hawa keke napep in ba ciwo ba, ya je wurin wani mai gyara da ake ce wa Injiniya Bala. Shi ya sayar masa da wani ɗan siririn abu mai kama da mataji, wai ram, yana ƙara wa kwamfuta sauri. Ya kuma ce masa babban allon da ke ciki, wanda suke ce wa madabod, ba zai gane baƙon ba sai an sabunta 'yar manhajar da ke tashinsa, wato bayos. Mutumin da hular kansa ta girme ni, ranar nan ya yarda da sabon abu. Injiniya ya zo gida ya yi aikin, aka ga rubutu ya gudu a fuska, aka ce an gama.

Washegari Kawu ya yaye zane, ya gaishe ta, ya danna. Ta yi kamar za ta tashi, sai fuskar ta rine shuɗi kamar an tsoma ta a marina, ta mutu, ta sake kunna kanta, ta sake rinewa. Haka ta dinga yi kamar mai farfaɗiya.

Da labari ya iske ni ina tsakiyar tuƙa tuwo, ban san lokacin da na sauke tukunyar na zari hijabi ba. Na tarar da Injiniya Bala yana bayani. Ya ce hanya mafi sauƙi a goge komai a zuba sabo, kafin la'asar an gama. Ni kuwa muryar Inna na tuna. Kawu ya tambaye shi a hankali ko in mahaifinsa ya yi zazzaɓi goge shi ake yi a zuba sabo. Injiniya ya ce to, a ciro rumbun ajiyar da take adana komai a ciki ya tafi da shi shagonsa ya kwashe abin da ke ciki. Ni dai na ga hikimar wannan, har na buɗe baki zan roƙa. Kawu ya ce rumbun da Yayarsa take ciki ba zai kwana a Wunti cikin kwamfutar da kowane ɗan tasha yake soka wa filas ɗin kwasar waƙoƙi ba. Ya raka Injiniya bakin ƙofa da mutunci, har da ba shi goro, ya dawo ya naɗe hannun riga.

Ya ce mini, "Ladidi, ba mutuwa ta yi ba. An sauya mata ɗaki ne ba a gaya mata ba, take laluben ƙofa."

Daga ranar aka shiga jinya. Kullum in na sallami yara makaranta sai in wuce Ƙofar Dumi da 'yar kular abinci. Dokar Kawu ɗaya ce: abu ɗaya ake taɓawa a lokaci ɗaya, a kunna a gani. Ya ce in ka ɗura wa mara lafiya magani biyu ya warke, ba ka san wanda za ka gode wa ba, in ya mutu ba ka san wanda za ka kai ƙara ba. Ya cire wayar firinta, ya kunna, shuɗi. Ya mayar, ya cire wata, shuɗi. Duk lokacin da ta rine sai ya gyaɗa kai ya ce madalla, an rage mutum ɗaya cikin waɗanda ake zargi. In an ɗauke wuta kuwa sai ya harɗe hannu ya jira. Maigidana ya yi tayin kawo janareto, Kawu ya ce ba a yi wa mara lafiya hayaniya.

Na ce masa ko in yi mata tofi. Na ɗauka zai yi mini dariya. Ya ce in yi addu'ata da kyau, shi kuma zai riƙe sukudireba, kowa ya tsaya a bakin aikinsa, amma kada in kuskura yawu ya taɓa allon.

Ranar wata Juma'a ya gano wani ɗan batir mai kama da kwabo manne a jikin allon. Ya tuna Injiniya ya taɓa cewa shi ke riƙe wa bayos tunaninsa. Kawu ya yanke hukunci cewa ya tsufa, a gwada wani. Saya? Wa ya ga Kawu da sayen abin gwaji! Maigidana ya shigo ɗaukata, ya ajiye makullin motarsa a kan tabarma ya fita alwala. Kafin ya dawo Kawu ya ɓalle makullin ya zare batirin ciki, iri ɗaya ne sak. Bawan Allah ya fita yana ta danna makulli, mota ta yi kunnen uwar shegu, ga lokacin masallaci yana ƙurewa. Da ya gano abin da ya faru ya leƙo yana cewa haba Kawu. Kawu ya ce, "Taka da ƙafa, surukina, kowane taku lada ne. Ai kai ka ce ba ta da sauri."

Batirin bai warkar da ita ba, amma Kawu bai mayar ba sai bayan la'asar, wai tana jin ɗuminsa.

Da aka gama da wayoyi sai ya shiga cikin bayos ɗin kansa, wani shafi mai cike da Turancin da ko ni da na gama sakandare ban san kansa ba. Kawu ma bai sani ba, kuma bai yi ƙaryar ya sani ba. Layi-layi ya dinga bi: ya sauya ɗaya, ya kunna, ta rine, ya koma ya mayar da shi yadda ya same shi, ya sauka na ƙasa. Idonsa yana ruwa, bayansa yana ciwo, tuwon da na kawo yana hucewa. Wata rana na kasa daurewa na ce masa ko mu haƙura, wataƙila Allah bai nufa in ji ba. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ya yi wa Yaya alkawari muryar nan za ta isa kunnena, kuma shi bai taɓa mayar da takarda ofis ba tare da ya buga ta ba.

Ana gab da azahar wata Talata ya iso wani layi mai zaɓi biyu kacal, wanda ya shafi yadda allon yake magana da rumbun ajiya. Ashe sabuntawar ce ta juya shi ba da sanin kowa ba. Ya mayar da shi ɗayan, ya danna. Muka jira shuɗi, shuɗi bai zo ba. Dattijuwa ta yi gyaran muryar nan tata, ta ɗauki lokacinta kamar kullum, ta buɗe. Na fara hamdala ke nan sai ta sake ɗaukewa ɗif. Kawu ko gezau. Ya ce saura baƙo. Ya buɗe ta ya zare ram ɗin Injiniya, ya kunna, ta tashi ta zauna daram. Ram ɗin kuwa bai yar ba, kun gan shi, shi ne abin da ya dinga sa wa alama a littafin addu'o'insa.

Bai tambaye ni ko na shirya ba. Ya jawo mini kujera, ya danna, ya fita tsakar gida wai zai duba akuya, alhali Kawu bai taɓa kiwon akuya ba.

Abin da na fara ji ba Inna ba ce. Muryar Kawu ce yana cewa, "Yaya, matso kusa, Dattijuwa ba ta ji sosai." Sai Inna, da 'yar muryarta ta ciwo, tana ce masa Garba kai dai ba ka rabo da neman magana, wannan akwatin ne zai riƙe addu'a? Sannan ta yi bisimilla ta fara, har ta iso kaina. Abin da ta ce nawa ne, ku yi haƙuri. Na jiƙa hijabina sharkaf.

A makon nan Kawu ya sayi filas na kwamfuta sababbi fil, ya zuba wa kowannenmu muryar Inna a ciki. Maigidana ya ce a rubuta ranar a tarihi, Kawu ya sayi sabon abu da kuɗinsa. Kawu ya ce na maigidana aro ne, ya dawo da shi in ya gama.

Yanzu Dattijuwa tana ɗakina, da zanenta. Kullum na kunna naɗin nan don in ji Inna, shi nake fara ji yana cewa ta matso kusa. Bai san ya naɗi kansa ba, da ya sani da ya ce an yi asarar wuri.

Allah ka jiƙan Kawu Garba, ka yafe masa kurakuransa. Yadda ya riƙe amanar 'yar'uwarsa bai gaji ba, ka riƙe shi da rahamarka, ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da Yayarsa a Aljanna, kusa da kusa. Amin.