Dakalin Kakana

A shekarar da aka daina kashe fam da sule aka koma naira, wata Talata da la'asar, ruwan farko ya sauka a Karshi da iska mai ƙarfi. Ina tsakar gida ina kwashe barkonon da muka shanya sai na ji wata ƙara. Da na leƙa, rumfar da ke gaban zaurenmu ta kwanta ƙasa. Ashe gara ta daɗe da cinye ginshiƙanta. Kafin ruwan ya ɗauke, yaɓen bangon zauren ya zube, dakalin da ke jikinsa kuma ya narke ya koma taɓo.

A kan wannan dakali kakana Malam Audu yake wuni. Idanunsa sun daɗe da rufewa, don haka kullum da hantsi nakan ja masa sanda zuwa can, ya zauna yana gane masu wucewa da muryoyinsu, suna gaisawa. Da dakalin ya rushe sai ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Kwana huɗu tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Babana yana aiki a Kaduna, sai da salla muke ganinsa, mazan unguwa kuwa duk sun duƙufa a gona wajen shuka.

Rana ta biyar Innata ta ci ɗamara ta ɗauki fartanya. Wata maƙwabciya ta ce mata gini aikin maza ne. Inna ta ce, "To ina mazan? Ni dai ba zan zuba ido Baba ya ƙare a ɗaki ba." Muka haƙo jar ƙasa a bayan gida, muka yi ta sawu zuwa rafi ɗebo ruwa, muka cuɗa ta da ƙafa. Mama Ladi, ƙawar Inna 'yar Gbagyi, ta ɗauko mana ciyawar jinka a kafaɗa tun daga ƙauyensu, mijinta ya saro itacen ƙirya biyu, wanda gara ba ta iya masa.

Sai dai yaɓen ya ƙi zama. Inna ta maka, ya sulalo. Ta sake makawa, ya sake faɗowa. Na ga tana share ido da gefen zani. Can sai muka ji muryar Kaka daga ɗaki: "Ƙasar nan ta sha ruwa da yawa, kuma ba ciyawa a cikinta. Da jin faɗuwarta na sani. Ku fito da ni." A ranar na san cewa da ƙuruciyarsa magini ne, kuma shi ya gina zauren da hannunsa. Muka kifa masa turmi ya zauna. Kowane curi sai an miƙa masa ya murza tukuna. Shi ya sa muka yayyanka ciyawa muka zuba, muka bar ƙasar ta kwana uku, muka jiƙa ɓawon ɗorawa muka shafe bangon da makuba don ruwa ya riƙa zamewa. Yana faɗa yana dariya, da azahar kuma ya cinye kwanon fate tas.

Ranar da aka gama bango da dakali da rumfa, ya bi bangon da tafin hannu har ya kai wani wuri mai tudu da kwari. Ya ce, "Amaryata, nan aikinki ne ko?" Na ce e, ina jin kunya. Inna ta ce za ta gyara. Ya ce, "A'a, bar mata abinta."

Damina uku ya ƙara a kan sabon dakalin kafin Allah ya karɓi ransa. Yau bulo da siminti ne a wurin, da ƙofar ƙarfe wadda ba kowa a gabanta. Ni ma idan bangona ya tsage waya nake bugawa, a zo a gyara ina wajen aiki. Bangon yana yin kyau, amma ban san hannun kowa a jikinsa ba.