Zahara'u, Wadda Ta Koya wa Kwamfuta Goyon Ciki

Shekara goma sha huɗu, kafin rana ta yi zafi Hajiya Zahara'u tana kan hanya. Litinin Surko, Laraba Kangire, Alhamis Sara. Ita ke kula da kwamfutocin ƙananan asibitoci, inda ake ajiye bayanan masu juna biyu. Wannan watan take ajiye aiki.

Da aka kawo na'urorin, kamfanin da ya tsara su ya ɗaure kowace mace da asibitin garin mijinta. A takarda abin tsaf. To amma a nan, in cikin fari ya tsufa, gidan iyaye mace take tafiya goyon ciki. Ita tana Kangire, bayananta na kwance a Sara.

Zahara'u ta sami injiniyan kamfanin, Malam Badaru, da maganar.

"Hajiya, tsari ne," in ji shi. "Matan su zauna inda aka rubuta su."

"To, fara gaya wa surukarka, mu ga ni."

Ya yi dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Wata uku tana sintiri ofis-ofis, sai da aka ƙara gurbi ɗaya: garin iyaye. Daga nan, bayanan mace kan riga ta isa. Inda babu sabis, Zahara'u ta zuba su a filashi ta kai da ƙafarta.

Hapsatu, matar Sabo tela na Sara, hawan jini gare ta. Kunyar cikin fari ta hana ta faɗa wa ko uwarta. Ranar da aka kai ta asibitin Kangire, garin iyayenta, tana cewa kanta ne kawai ke sarawa, nas ta buɗe kwamfuta, ta ga abin da aka rubuta a Sara. Ba ta ba ta ƙwayar ciwon kai ba. Mota ta nema zuwa Birnin Kudu. Likita ya ce da an kai la'asar, da sai dai haƙuri.

Hajiya, ke ce kika sa na'ura ta bi mutane, ba mutane su bi na'ura ba. Ba a ba ki lambar yabo ba, ba ki kuma nema ba. Allah Ya biya ki. Wanda zai gaji kujerar nan, ya fara sanin inda mutane ke zuwa kafin ya taɓa madanni.

'Yar Hapsatu tana aji uku yanzu. Sunanki aka raɗa mata.