Kwarfar Kawu Dankure

Kawu Dankure yayan mahaifiyata ne, masunci haifaffen Argungu. Tun bai kai tsawon sandar homa ba, wato ragar kamun kifi, yake shiga ruwa, ya kifa ciki kan gora yana bin kifi, har furfura ta cinye masa gemu. Damina kuma yana taɓa 'yar shinkafa a fadama. Mu da muka riƙa zuwa hutu gidansa, da abu biyu muka san shi: ba ya isowa gida da kifinsa cikakke, kuma ba ya cewa a'a ga abin da aka miƙo masa.

Na farkon ni na gano shi, don tun ina yarinya ba na ganin abu ban ƙirga ba. Sai in ƙidaya tarwaɗa goma sha bakwai a bakin ruwa, mu iso gida da tara. Ranar da na yi masa magana, dariya ya yi.

"Akawu," ya ce, "ba ɓacewa sunka yi ba. Gidan da anka rubuta masu sunka tahi."

Daga ranar sunan Akawu ya bi ni, har yau a dangi ba mai ce min Mansura.

Na biyun kuwa kowa ya sani. Ko furar da ta yi tsami ce, ko shayin da aka cika wa sukari, ko goron da tsutsa ta riga shi, in dai hannu ne ya miƙo, Kawu zai sa hannu biyu ya karɓa, ya yi bisimilla, ya ci a gaban mai shi. Na taɓa ganin ya ci abincin rana sau uku a gida uku, ya dawo yana nishi. Matarsa Inna Laure ta ce wa ya aike shi. Ya ce hannun kyauta ba a mayar da shi baya, kuma shi ba zai fara da tsufansa ba.

Bara ƙafafunsa suka fara kumburi. An ce sanyin ruwa ne, aka yi ta gashi. Sai fuska ta bi, sai abinci ya fita ransa, sai fitsari ya ragu. Da aka kawo shi asibiti a Birnin Kebbi, likita ya ce hawan jini ya daɗe yana cin sa ba a kula ba, ga ƙwayoyin ciwon jiki da yake afawa duk yamma in ya fito ruwa. Ƙoda ta tsaya. Sai wankin ƙoda a kan inji, sau biyu a mako.

Ni ke zaune a Gwadangaji, ina da shagon sarin ruwan leda, don haka gidana ya sauka. Na share ɗakin zaure, na samo mai keke guda da zai riƙa kai mu, na ce to, a fara.

Nas ɗin da ke kula da shi, Sista Hamida, ta zaunar da mu ta yi bayani. Gishiri a rage sosai. Kada a ba shi wani magani sai an tambaya. Ruwa kuwa, tunda fitsarin ya kusa ɗaukewa, kada abin da zai sha a yini ya wuce rabin lita da ɗan abin da ya fitar, kuma kunu da shayi da romo duk ruwa ne.

Rabin lita ba sai an fassara min ba. Leda ɗaya ce cif. Ni da nake sauke jaka ɗari ta ruwa a mako, aka ce kawuna, mutumin da ya yi rayuwarsa tsamo-tsamo cikin gulbi, rabonsa leda guda.

Na raba ledar kashi huɗu a ƙaramin kofi: na safe da magani, na rana, na la'asar, na bayan magariba. Bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Amma duk ranar wanki, kafin a ɗora shi kan injin, sai ya hau sikeli, kuma sikelin ya ƙi yarda da lissafina. Sista Hamida ta ce bai kamata ya ƙaru da fiye da kilo biyu tsakanin wanki da wanki ba. Kawu yana zuwa da ƙarin uku, wani lokaci huɗu.

"Hajiya Mansura, me kuke ba shi?"

"Leda ɗaya, Sista. Da hannuna."

"To, sauran daga sama yake sauka?"

Na ji zafin maganar, don ba a saba kama ni da kuskuren lissafi ba. Wata Talata sai na bar shago na dawo gida da hantsi. A zaure na tarar da takalma ƙafa shida, mutanen Argungu sun zo dubiya. Gaban kowanne akwai abin da ya riƙo: wannan gorar rubutu daga limaminsu, wancan galan na jiƙon saiwa, wata tsohuwa da kwanon fura. Kawu na tsakiya, gora a baki, maƙogwaronsa na hawa da sauka.

Ashe kullum haka ake, ina fita suna shigowa. Kuma ba da mugunta ba. Labari ya isa gida cewa ƙodar Dankure ta yi dauɗa, har sai an kai ta birni ana wankewa. To wa ya taɓa ganin wanki ba ruwa? Kowa ya ɗauka taimakon da zai yi shi ne ya ƙaro ruwa mai albarka, a ɗauraye ta da kyau, mutum ya tashi ya koma gida. Wasu ma tambaya suke, wane irin wanki ne wannan da ba ya fita, ko sabulun asibitin ne ba kyau.

Da suka tafi na ce, "Kawu, kai ma ka ji abin da Sista ta ce."

"Na jiya."

"To don me?"

"Akawu, mutum ya biya mota tun daga Argungu, ya riƙo gora ga cinyarshi kada ta zube. In ce mai mi? Koma da abinka?"

Na ce ni zan faɗa musu, zan tsaya a ƙofa in karɓe. Ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi min ba.

"Ranar da kinka tare baƙona ga ƙofa, ranar za ni koma gida. Can in mutu ga tabarmata, ba a ce Dankure ya zo birni ya koyi wulaƙanci ba."

Na san zai aikata. Kuma na san abin da komawa gida take nufi, don ina lura da bencin da muke jira a asibiti. Mu goma sha ɗaya muka fara haɗuwa a kansa. Wata uku ba su cika ba, fuskokin da na sani suka koma huɗu. Wasu ƙarfin aljihu ya ƙare, wasu nisa, wasu an ce musu ga mai magani a wani ƙauye. Sista Hamida ta taɓa ce min akwai ƙasashen da har tsofaffi tukuf ake ɗora wa injin, kuma ana sanin adadin waɗanda suka fara a kowace shekara. Na yi ta tunanin wa zai ƙirga namu: waɗanda suka fara suka bari, da waɗanda ƙafa ta kumbura aka yi ta gashi har aka kai su makwanci.

Na bar ƙofa a buɗe. Abin da na iya kawai shi ne na hana shi ledar tawa, wai ko a rage. Bai hana komai ba.

Ranar wata Juma'a, ana shirin masallaci, Inna Laure ta ƙwala min kira. Kawu na zaune ya dafe gwiwa da hannu biyu, baki buɗe, ƙirjinsa na ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. In aka kwantar da shi sai ya zabura. A keke ya riƙe hannuna, ya ce da ƙyar, "Nutsewa nika yi." Mutumin da ke shiga ƙarƙashin ruwa ya fito da giwan ruwa a rungume, ga shi yana nutsewa a kan kwalta.

Aka sa masa robar iska a hanci, aka ɗora shi kan injin ba ranarsa ba. Likita ya ce ruwa ne ya hau huhu. Da numfashi ya dawo masa, ya kwanta yana kallon bututun nan biyu, jini na fita ta ɗaya yana komawa ta ɗaya. Can ya tambayi Sista Hamida wace lamba ce ke ta hawa a fuskar injin.

"Ruwan da muke cire maka ne, Baba."

"Nawa kunka ɗebe?"

"Lita huɗu za mu cire yau."

Ya juyo gare ni. Na ce, "Leda takwas, Kawu."

Sai ya ce, kamar da kansa yake, "Ashe ba wanki a kai ba. Kwarfa ta."

Ban gane nauyin maganar ba sai bayan kwana biyu, da Riskuwa ya zo. Riskuwa taubashinsa ne, manomin albasa a Augie, kuma tun suna yara ba sa gaisawa sai da zagi. Ya shigo da galan mai cin lita biyar, jiƙo baƙi ƙirin a ciki, ya dire a gaban Kawu.

"Kai mai ƙarnin kihi, an ce ka so ka tsere ka bar ni da gadon tsummokaranka. Tashi ka shanye wanga. Tun daga Yawuri anka kawo saiwar, ko ƙodar jaki ta sai ta yi hwari."

"Ka sha da kanka ko warin albasa ya sake ka," in ji Kawu.

Ina bakin ƙofa. Na ga ya miƙa hannu biyu ya karɓi galan ɗin, ya ɗora a cinya, ya yi bisimilla. Ya kwance murfin. Ya tsoma ɗan yatsa ya taɓa a harshe, ya tsiyayi kaɗan a tafin hannu ya shafe fuska da ƙirji.

"Na karɓa, na sha, na shafa. Allah shi saka."

"Wane irin sha na wanga? Kaza ma ta hi ka. Kafa kai, malam!"

"Riskuwa, ka tuna shekarar da munka ɗauko albasarka cikin jirgina, ruwa ya riƙa shiga?"

"Jirginka na tsiya. Buhu bakwai nay yi hasara."

"Wa yar riƙa kwarfa?"

"Ni mana. Da ƙwarya, hat hannuna ya mutu, kai kana tuƙi kana zagina."

"To da ka aje ƙwaryar hwa?"

"Da mun kwana ga kihi."

Kawu ya dafa bayansa, daidai kwiɓi. "Mai kwarfata ta aje ƙwarya. Duk abin da yash shiga jirgin ga, nan shika zama. Injin asibiti haya munka yi, sau biyu ga mako shika zuwa shi kwarhe. Shekaranjiya leda takwas anka ɗebe, tambayi Akawu. Kai kuma ga ka da lita biyar." Ya ɗaga galan ɗin da hannu biyu. "Ban maida hannunka ba. In kac ce in sha, wallahi sai in sha."

Kuma ya kai shi baki. Na san Kawu, da ya sha.

Riskuwa ya yi wuf ya fizge galan ɗin, har jiƙon ya fantsama a rigarsa.

"Kai, mahaukaci! Ka mutu a ce ni na nutsad da kai?" Ya rungume galan ɗin kamar za a ƙwace. Idonsa ya ciko, sai ya juya kaina. "Ke kuma Akawun banza, kina ƙirga komi, ba ki iya hwaɗa muna kwarfa a kai ba? Kunka ce wanki, wanki!"

Gaskiya ne, ni lita na riƙa faɗa wa mutane.

Riskuwa ya koma da galan ɗinsa, kuma kalmar ta riga shi isa. Mako bai zagayo ba, masu dubiya suka fara tambaya, "Ya kwarfar?" Da na ba Sista Hamida labari, ta ce wankin ma ana yi, don injin yana tace dattin jini, amma in kwarfa ce za ta hana su galan, a bar su da kwarfa. Na ji ta da kunnena tana faɗa wa wani sabon majinyaci daga Nassarawa haka.

Ba a daina zuwa da abu ba, don ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Mai rubutu yanzu a 'yar kwalbar turare yake kawowa, Kawu ya ɗiga a harshe, ya shafe sauran. Wasu ƙwai, wasu sabulu, wata tsohuwa mafici ta saƙa masa. Duk ya karɓa da hannu biyu.

Bai warke ba, kuma likita bai ce zai warke ba. An sayar da jirgin, homarsa na rataye a Argungu. Ƙishi na damunsa ƙwarai, musamman da bazara, don haka nake daskarar da rabon ranarsa in farfasa, ya riƙa tsotsar ƙanƙarar kaɗan-kaɗan. Amma yana kwanciya ya yi barci a miƙe, kuma muna nan a kan bencin.

Litinin da ta wuce Riskuwa ya raka mu asibiti, wai ya zo ya ga ɗan hayar da ya gaje shi. Kawu ya hau sikeli. Sista Hamida ta duba, ta ce ƙarin kilo ɗaya da rabi.

"Leda uku," na ce.

Riskuwa ya leƙa injin sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Leda ukku tak? Ni da nak kwarhe gulbi guda da ƙwarya, ko tarwaɗa ba ka ba ni ba."

"Ka zo gida," in ji Kawu, yana miƙa wa Sista hannu. "Akwai ƙanƙara. In ba ka rabin tawa, kuma ba ka isa ka maido ba."