Ninki na Biyar

Duk wanda ya yi sakandaren unguwarmu ya san Goggo Mai Keke, kuma da wuya a ce bai taɓa yin kuka saboda ita ba. Ni ma na yi nawa. Yayar mahaifina ce, amma wannan bai sa ta rage mini ko faɗin yatsa na yadi ba.

Shagonta yana daura da ƙofar makaranta, tsakanin mai sayar da littattafai da mai gyaran takalma. Ɗaki ne wanda mutum biyu ba za su gifta juna a cikinsa ba sai ɗaya ya tsuke ciki. Akwai baƙin keken ɗinki irin wanda ake takawa da ƙafa, da benci, da dutsen guga, sai bandir na shuɗin yadin yunifom a jingine a lungu. Bayan an tashi daga makaranta rana kan leƙo ta taga, ta haska ɓurɓushin zare yana ta shawagi a hankali, bai san inda za shi ba. Ƙarar keken kuwa tana sa barci. Na sha ganin ƙatti 'yan ajin ƙarshe suna gyangyaɗi a kan bencin nan da wandonsu a hannu.

Idan aka kawo mata sabon ɗalibi, takan rataya tef a wuya ta tsayar da shi a bakin ƙofa. Sai dai ba yaron take kallo ba. Sama da kansa take zuba wa ido, taƙi ɗaya ko biyu, inda babu komai sai iska. Ta ƙanƙance ido, hankalinta ya yi nisa, har uwar yaro ta ƙosa.

"Goggo, yaron fa yana nan ƙasa."

"Na gan shi. Wancan na saman nake aunawa, ai shi ne zai daɗe a cikin kayan."

Sai ta yanka yadi da tsawon da ta gani, ta ninke rarar a ƙasan wando ko siket har ninki biyar, kowanne da ɗinkinsa daban. Kafaɗa ma ta bar mata wuri. Shi ya sa 'yan aji ɗaya na makarantarmu suke tafiya kamar an zura su a buhu. Ranar da na fara sa tawa rigar, ƙannena sai da suka kwanta a ƙasa don dariya. Na je wurinta ina hawaye, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kukan ma ki yi da yawa, yana ƙara tsawo."

Duk farkon shekarar karatu ɗalibai kan yi layi a ƙofar shagon. Ta ɗauki reza ta farke ninki guda, ta goge da dutsen guga. Da yake rana da sabulu sun koɗar da sauran yadin, wanda aka saki sai ya fito da shuɗinsa mai duhu, kamar yau aka yanko shi. Haka layuka suke taruwa a ƙasan tufa, na sama ya fi koɗewa, na ƙasa ya fi duhu. A makarantarmu ba sai ka tambayi mutum ajinsa ba, ƙafarsa za ka duba. Da farko 'ya'yan masu hali, waɗanda ake saya wa sabo duk shekara, sukan yi mana dariya. Daga baya abin ya juye. Mai layi biyar ake matsa wa a bakin famfo, shi ake ba wa wuri a inuwa ranar wasan ƙwallo. Kuma ranar da Goggo ta farke maka ninki na biyar, takan dafa kanka ta ce, "Ka cinye yadinka." Na ga wanda ya karɓi kofi a gaban taro ko gezau bai yi ba, amma wannan maganar ta sa shi share ido.

Ba tsawo kaɗai take gani a saman kan yara ba. Wani lokaci tana cikin awo sai ta ce, "Ga shi can da farar riga, mutane sun yi layi suna jiransa." Uwar yaro ta koma gida baki har kunne, ta haifi likita. Wanda aka faɗa wa wannan maganar a zamaninmu yanzu mahauci ne a kasuwa. Na taɓa tsokanarta da shi.

"To ba farar riga yake sawa ba?" in ji ta. "Ba a yin layi a wurinsa? Ni na ce muku ga abin da zai yanka?"

Makarantar ta sha cin gasa, ta muhawara da ta lissafi da ta guje-guje, kuma duk wanda ya ciyo sai ya bi ta shagon Goggo kafin ya isa gida. A ajiye mata kofin a kan keke, ta shafa shi, ta tambaya ko ana iya zuba maɓallai a ciki. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma a bakinta "yaranmu sun ci" ne, kuma ba wanda ya isa ya ce ba nata ba ne.

Nata na cikinta guda ɗaya ne, namiji, dogo tun yana ƙarami. Shi ma ta ɗinka masa ninki biyar. Yana aji uku karatu ya fita daga ransa, ya bi wata babbar mota, ya yi yaron mota har ya zama direba. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, sannan wata rana hanya ba ta dawo da shi ba. Wandonsa na makaranta yana nan a akwatin da ke ƙarƙashin keken, layi biyu a buɗe, ninki uku a ɗinke. Goggo ba ta maganarsa. Amma na sha shigowa in tarar wandon a kan cinyarta, babban yatsanta yana bin ɗinkin da ba a farke ba. Ta ce wa 'ya'yan mutane da ba sa ƙirguwa sun cinye yadinsu, ba ta taɓa faɗa wa jininta ba. Wannan abin yana cin ranta, ni ma da na sani yana cin nawa.

Da uwar yarinyar ta sake aure a nesa, sai ta bar ta a hannun Goggo. 'Yar siririya ce, 'yar mitsila, in ta shige bayan bandir ɗin yadi sai an yi ta nema, shi ya sa Goggo ta sa mata Allura. Ita kuma ba ta kiran kakarta sai da Tsohuwa. Lokacin da za ta shiga aji ɗaya na riga na fara koyarwa a makarantar, kuma ina shagon ranar awon. Goggo ta tsayar da ita a bakin ƙofa, ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, sai da ta kusa kallon saman ƙofar. Ta daɗe a haka. Ni na san wanda take gani a wurin. Ninkin da ta yi wa siket ɗin Allura ya fi na kowa zurfi a tarihin shagon.

Allura kuwa ta ƙi tsawo. Ƙwaƙwalwa dai kamar me, malamin kimiyya har tsoron tambayoyinta yake yi, amma jiki ya tsaya cak. Da ƙyar da jan ƙugu sama aka saki ninki huɗu. Da ta shiga aji shida Goggo ta durƙusa ta shafa bakin siket ɗin, ta ji yana taɓa takalmi. Ta ajiye rezar.

"Saki mana, Tsohuwa."

"Ba a sakin ninki sai jiki ya nema. Naki bai nema ba."

"To wa ya ce ki auna ni da falwaya?"

Goggo ta yi dariya, amma ran nan da wuri ta rufe shago.

A wannan shekarar ne yanar ido ta soma rufe mata gani. Da farko ramin allura ne ya ɓace mata, sai fuskokin mutane suka koma kamar ana kallonsu ta cikin ruwan wanki. Ta ce mini yanzu duniya gida biyu ce, mai haske da mai duhu, sauran launuka duk sun tafi yawo. Likita ya ce za a iya yin aiki, amma bai yi alkawarin komai ba, ita kuma ta ce a bari sai yara sun gama jarrabawa. Ta ci gaba da ɗinki da lalube, tana karkata keken wajen taga. Tsoronta ɗaya ne, kuma ta faɗa mini shi sau ɗaya tak, muna naɗe yadi: kada idon ya rufe, yarinyar ta gama makaranta da ninki a ɗinke kamar ubanta.

Allura ba ta san da wannan maganar ba, ko kuma ni ce na ɗauka ba ta sani ba. Abin da ta gani shi ne kakarta tana soke yatsa. Sai ta je wurin mai gyaran keken hawa ta roƙo ɗan injin nan da ke ba fitilar keke wuta idan taya na juyawa. Ta yi ta fama da shi a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, ta ƙona ƙwan fitila ba adadi, har ta samu ta ɗaura shi a jikin babbar tayar keken ɗinki, ta jawo waya, ta liƙa ɗan ƙwai daidai saman allura. Idan Goggo ta taka, haske ya taso. Idan ta sassauta ƙafa, ya lumshe kamar mai jin barci. Mutanen unguwa suka riƙa zuwa kallo. Mai gyaran takalma ya ce shi ma a yi masa, Allura ta ce sai ya fara taka wani abu tukuna.

Malamin kimiyya ne ya nace aka kai abin gasar makarantu. Aka ɗora keken Goggo a bayan mota, ita kuma ta wuni zaune a shago hannu a cinya, tana mita an raba ta da abokin hira. Da yamma muka ji ihun ɗalibai tun daga kan kwana. Allura ta zo ta ɗaya.

Shugaban makaranta ya ce za a karrama ta ranar ba da kyaututtuka, kuma ƙungiyar iyaye da malamai ta saya wa duk wanda zai hau dandamali sabon yunifom, ɗinkin kanti. Da kyakkyawar niyya suka yi, ba zan musa ba. Na Allura ya zauna mata ɗas, karo na farko a rayuwarta da tufa ta san girmanta. Goggo ta shafa shi ciki da waje, ta lalubi ƙasansa ta ji kalmasa ɗaya 'yar siririya. Ta ce, "Ya yi kyau." Ta ninke ta miƙa mata.

Ana gobe taron, da la'asar, hadari ya haɗo, shagon ya yi duhu. Ina zaune a benci ina duba aikin ɗalibai sai ga Allura da tsohon siket ɗinta a hannu. Ta ɗora shi a cinyar kakarta, ta ɗora reza a kai.

"Tsohuwa, saki."

"Zai ja ƙasa."

"Ya ja."

"Za ki faɗi a gaban mutane, a ce jikar mai ɗinki ce."

"In na faɗi na tashi. Ni dai ba zan bar makarantar nan da bashin yadi ba."

Goggo ta ɗauki rezar. Can ta ce ba ta ganin zaren. Allura ta janye ta gefe, ta zare allurar keken, ta zauna ta sa ƙafa ta fara takawa. Keken yana ta juyawa ba ya ɗinka komai, ɗan ƙwan ya kawo haske, Goggo ta sunkuya a ƙarƙashinsa tana tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar keke da ta yayyafi a kan kwano suka cika shagon. Ni dai na daina ganin abin da ke rubuce a gabana.

Washegari babban ɗakin taro ya cika maƙil da iyaye. Na zaunar da Goggo a layin gaba, kusa da matakala. Aka kira masu ƙwallo, aka kira masu muhawara, duk cikin sabon shuɗi iri ɗaya, ita kuwa tana ta tafi ba ta san wa take tafa wa ba. Da aka kira Allura sai aka fara 'yar dariya daga baya. Ta taho cikin koɗaɗɗen siket, ƙasansa yana sharar siminti, ta ɗan tattare shi da hannu ɗaya. 'Yan aji shida ne suka fara ganewa. Suka miƙe tsaye, suna buga ƙafa a ƙasa, dariyar ta nutse a cikin tafi.

Na juya in gaya wa Goggo abin da ke faruwa, sai na ga ba ta bukata. Matar da ta ƙare rayuwarta tana kallon saman kan yara, yau ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Faffaɗan layin nan mai duhu yana hawa matakala a hankali, kuma duhu da haske su ne abin da ya rage mata.

"Goggo, fuskarta tana can sama," na ce.

"Na sani. Bar ni in ga wannan."

Ta bi shi da ido har ya tsaya a gaban shugaban makaranta. Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe gam.

"Ta cinye yadinta," ta ce. Ta ɗan numfasa. "Har da na ubanta."