Kaka Haju da Hanyar Mirriya

A Tamanrasset, can arewa cikin hamada, aka haife ni, amma hirar gidanmu duk ta kudu ce. Babanmu yana da rumfar atamfa a kasuwa. Shi ya ɗauko mahaifiyarsa, Kaka Haju, daga Mirriya ta ƙasar Damagaram, da alkawarin zai mayar da ita bayan kaka. Aka yi ta girbi a can, ita tana nan.

Sanyin dutse tun magariba yake saukowa. Sai a zuba garwashi a kasko, ni da ƙanwata Rabi mu raɓe jikinta. Akwai tatsuniyar da ta fi so, ta wata yarinya haifaffiyar rairayi da ta bi ayari har ƙasar ruwa, ta dawo tana ba danginta labari. In Kaka ta zo nan sai ta koma yarinyar.

"Na ga tafki," in ji ta.

"Kaka, mene ne tafki?"

"Kamar kwaryar wanke hannu, amma raƙumi kan shiga ya ɓace."

"Kuka fa?"

"Kamar dutsen bayan gari, sai dai tana da hannuwa, kuma ana miya da gashinta."

Mu yi ta dariya har da faɗuwa. Dangin yarinyar ma dariya suka yi mata, suka ce rana ta taɓa mata kai.

Wata rana aka kai mu lambunan Utul da ke wajen gari, muka ga ruwa da itatuwa. Da yamma Rabi ta ce, "Kaka, yau na ga Mirriya!" Kaka ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana juya garwashi.

"Ƴan nan, na yi ta kwatanta muku har na ɓata abina. In na rufe ido don in ga kukar ƙofar gidanmu, dutsen nan naku ke fitowa."

Baba yana jin ta daga zaure. Washegari ya kawo direban kamyo, wato babbar motar kaya, mai zuwa Agadas. Mutumin ya gaishe ta, ya dubi ƙafafunta da suka kumbura, ya ja Baba gefe.

"Alhaji, hanyar nan ba ta tsohuwa ba ce. Kada ka sa in binne ta cikin rairayi."

Ashe ta riga ta ɗaure ƙunshin kayanta. Ni na kwance mata shi. A Tamanrasset aka yi mata sutura.

Na girma, na yi yawo, har nakan rubuta labarin hanyoyin da na bi. Amma in na zo rubuta "kamar", hannuna yakan tsaya, don na ga mai sauraro abin da ya sani kawai yake karɓa, mai faɗa kuwa yana raguwa. Har yau ban je Mirriya ba. Tsorona in tarar ta fi yadda Kaka ta faɗa, kuma babu wanda zan dawo in gaya wa.