Dillalin da Ya Sayar da Gidansa

Kawuna dillalin gidaje ne. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki a wani ɗan shago kusa da kemis: tebur ɗaya, benci, sai allon da yake rubuta gidajen haya da na sayarwa. A unguwa Mai Makullai ake ce masa, don tun daga nesa za ka ji ƙararsu a aljihunsa. In ya shiga gida ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi, sai ya faɗi kuɗinsa, kuma da wuya ya kuskure.

Da annoba ta shigo aka hana fita, wayarsa ta yi tsit. 'Yan haya suka riƙa tattara kayansu suna komawa wajen iyaye. Wata biyu bai ƙulla ciniki ko ɗaya ba. Ran nan ya zaunar da matarsa, wadda muke ce wa Inna, a tsakar gida.

"Gidaje za su faɗi warwas," ya ce. "Mu sayar da namu yanzu, mu kama haya. Nan da wata shida in saya miki mai bene da rabin kuɗin."

"Malam, a gidan nan na haifi 'ya'yana huɗu. Kuma wa ya ce maka ina son bene da wannan gwiwar?"

"Ke dai bar mini. Sana'ata ce."

Mai sayen ko ƙafarsa bai tako ba. Ma'aikacin wani kamfani ne, ta waya ya ga gidan, Kawu na zagayawa da ita ɗaki ɗaki. Bai nemi ragi ba. Kawu ya yi ta dariya, wai Allah ya haɗa shi da wanda kuɗi ke wa ƙaiƙayi. Suka koma ɗaki biyu a saman shagon wani tela. Inna ta hau matakala tana haki, ta ce, "To, benen dai na samu."

Wata shida ya cika, babu gidan da ya faɗi. Siminti ya tashi, rodi ya tashi, magina suka ajiye aiki. Bankuna suka rage kuɗin ruwa. Masu albashi da aka ce su yi aiki daga gida suka bazama neman wuri mai fili, masu hannu da shuni kuma, ganin kuɗi na lalacewa a hannunsu, suka riƙa zuba su a gini. Kawu ya ce zazzaɓi ne, zai sauka.

A wata na goma sha ɗaya sai ga wani mutum a shago da takunkumi a fuska.

"Baba, ni ne na sayi gidanka. An yi mini canjin wurin aiki, ina so ka sayar mini da shi."

Zuciyar Kawu ta yi fari, ya ɗauka gidansa ne zai dawo. "Nawa ka sa masa?"

Mutumin ya faɗa.

"Sauke abin nan daga bakinka, ban ji ka da kyau ba."

Ya sauke, ya maimaita. Ninki biyu da ɗoriya.

Kawu ya dafa tebur. "Ɗana, wa zai saya a haka? Ɗakin baya yana yoyo, ni na sani."

"Ai an riga an taya ni ta waya, Baba."

Kwana huɗu gidan ya yi a kasuwa. Mutum uku suka yi ta ƙari a kan juna, Kawu na tsaye a tsakar gidansa baki buɗe, wata mata tana auna ɗakin Inna wai ofis za ta mayar da shi. Shi ya sa hannu a matsayin shaida.

A bakin maƙwabciya Inna ta ji. Ya dawo ya tarar da ita zaune a matakala, tukunya na ƙonewa a sama.

"Ninki biyu? Gidan nawa?"

Ya gyaɗa kai.

"Kuma kai ka sayar musu?"

"In ban sayar ba, wani zai sayar."

Ba ta yi faɗa ba, kuma Kawu ya ce da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ba a yi wata ba mai gidan hayar ya aiko da takarda, shi ma zai sayar. Kawu ya karaɗe gari kaf. Abin da ke hannunsa ba ya sayen ko rabin gida a tsohon layinsu. A ƙarshe ya samu wani kango can bayan gari, gaba da inda motar haya ke juyawa, ɗaki biyu ba rufi. Babban ɗansu ya aiko da kwano, suka tare tun ba a yi filasta ba, Inna ta rufe tagogi da tsofaffin zannuwa.

Yanzu mota biyu yake hawa kafin ya isa shago. Makon jiya aka sa musu ƙofar kicin, Inna da kanta ta tsaya a kan kafinta har ya gama.