Tsakuwa a Cikin Irin Baba

Ni ba ni da gindin zama, kowa a gidanmu na Kaoje ya sani. Amma ban taɓa shiga rashin natsuwa irin na shekarar da Baba ya rasu ba, kuma duk a kan tsakuwa.

Kafin ciwo ya kwantar da shi, ya sa an ɗebo masa yashi da tsakuwa daga bakin gulbi a amalanke, zai yi wa sabon ɗakinsa daɓen siminti. Aka zube su a tsakiyar ɗakin, sai Allah ya yi ikonsa. A nan kuma aka jingine buhun irin shinkafarsa, jar nan mai bin ruwa, wadda in gulbi ya ƙaru ita ma sai ta ƙara tsawo. Daga dangin kakarmu na ƙetaren iyaka, can cikin Benin, aka samo ta. Duk unguwarmu an koma irin zamani, shi kaɗai ya rage yana nomanta.

Ɓeraye suka huda buhun, awaki suka shiga suka ƙarasa aikin. Da na zo daga Illo, inda nake aure, na tarar iri da yashi da tsakuwa sun zama abu ɗaya, Inna kuma ta shimfiɗa tabarma ta zauna a kansu.

Yashi bai ba mu wahala ba. Rariya muka sa, ya zube ta ƙasa, shinkafa ta tsaya. Manyan tsakuwoyi ma da an bakace a faifai sai su taru gefe guda saboda nauyi, a kwashe. Matsalar ƙananan ne, waɗanda ruwa ya daɗe yana mirginawa tun daga inda duwatsun suka fashe, har suka yi sumul, girmansu daidai da ƙwayar shinkafa. Ba sa wuce rariya, ba sa barin faifai. Da shinkafar ci ce, da sai a rege ta a ƙwarya, dutse ya kwanta a ƙasa, magana ta ƙare. To iri ba ya son ruwa kafin ya ga gona, yana jiƙa zai tsiro a hannunka.

Sai Inna ta koma tsinta da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan farko ya sauka. Ƙanena, wanda gonar fadama ta koma hannunsa, ya riga ya yi huɗa. Maƙwabta suka watsa nasu iri. Shinkafar nan kuwa dole ta kafu kafin gulbi ya cika, in ba haka ba ruwa ya shanye ta tana ƙarama. In an bar ta sai baɗi, ba lallai ta tsiro ba. Kullum da safe sai in fita in leƙa inda ruwa ya kai, in dawo, in sake fita. Ƙanena ya zo ƙofar ɗaki ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya tafi. Shi ba ya iya yi wa Inna musu. Ni kuwa bakina ba shi da linzami.

Na ce, "Inna, iri hwa ba baki za shi ba, ƙasa za shi. Tsakuwa ta taɓa hana shinkahwa hita?"

Ta ce, "Ba a watsa ƙazanta gonar ubanku."

"Gonar da ac cike da yashin gulbi?"

Ba ta ko ɗago kai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ganin irin da Baba ya yi shekaru yana riƙo zai salwanta saboda tsabtar mai girki.

Wata rana da hantsi na dawo daga leƙen ruwa, ya fara lasar gindin ciyawar da jiya take a bushe. Na shigo da niyyar in ɗauki irin da ƙarfi. Sai na ga ƙwaryar da ke cinyar Inna ita ce wadda muka gama tun shekaranjiya, na gane ta da ɗinkin da ke bakinta. Babu dutse ko ɗaya a ciki. Tana dai juya ƙwayoyin da yatsa.

Na ce, "Inna, ai wagga mun gama ta."

Ta ƙara juya ƙwayoyin. Sannan ta ce, "Na sani, ɗiyata. Wagga hannun ubanku yay yanke ta. In anka watsa ta, wadda za ta hito ta ƙanenki ce."

Na fasa faɗan da na ƙunso. Tausayinta ya kama ni, amma ruwa ba ya jira. Na durƙusa na ce mata gulbi ya kai gindin ciyawa. Ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta ƙulle a gefen zaninta, ta tura mini sauran, wanda aka tsince da wanda ba a tsince ba.

A ranar ƙanena ya watsa, har da duwatsun. Mun makara. Ɓangaren kwari ruwa ya cinye shi, na tudu ne ya tsira, ya bi ruwa ya yi tsawo.

Da kaka na sake zuwa. Ƙanena ya kawo damin farko, Inna ta sa aka sussuke, ta yi tuwo da kanta. Ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana taunawa, muna kallonta. Sannan ta dube shi.

Ta ce, "Shinkahwarka ta yi daɗi."